Askin Paris

Saura kaɗan kofin shayi ya suɓuce wa Uwargida Thornbury sa'ad da Araminta, budurwar ɗanta, ta cire hula a falo. Gashin nan mai zubowa har gadon baya babu shi! An datse shi gajere kamar na yaro, sabon yayin da ya ƙetaro daga Paris ya rikita 'yan matan manyan gidajen Landan.

"Jasper!" ta ƙwala wa ɗanta kira. "Wannan za ka auro mini? Faransawa sun kashe yayanka a fagen yaƙi, yanzu kuma in riƙa kallon askinsu a teburina?"

"Haba Mama, gashi ne fa—"

"Rufe mini baki! Ba aure sai ya sauko kafaɗa!"

Araminta ta sha kuka har ido ya kumbura. Baiwar Allah, ita ado kawai ta nufa, mamacin bai ko faɗo mata a rai ba. Jasper ya same ta a lambu yana huci.

"Mu gudu Sikotland, inda ba a neman yardar iyaye, a ɗaura mana aure, kowa ya huta!"

"In raba ta da ɗan da ya rage mata? A'a, masoyina. Gashi ai tsirowa yake."

Ta ci gaba da zuwa gaisuwa da hula a ka, tana shan harara. Da sanyi ya shigo, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da tsohuwar, likita ya sa aka aske mata kai ƙwal don zafin ya fita. Ta warke, amma ta kulle kanta a ɗaki, ko coci ta ƙi zuwa. Ga mace mai ji da kanta haka, ai gara zazzaɓin.

Bayan 'yan makonni, Araminta ta samu ta shiga ɗakin da mataji da ƙyallen alharini.

"Dariya kika zo yi mini?"

"A'a, Mama. Ni na san yadda ake lallaɓa ɗan gashi."

Ta lanƙwaso abin da ya tsiro zuwa goshi, ta ɗaura ƙyallen. Tsohuwa ta daɗe tana kallon madubi, hawaye na gangarowa.

"Wai haka Faransawan ke yi?"

"Haka ne, Mama."

"Ja'irai... sun iya." Ta riƙo hannun yarinyar gam. "Jasper! Maza ka sanar da limamin coci. In muka tsaya jiran gashi, sai in mutu ban ga jika ba!"

Da Araminta ta yarda sun gudu, da ta sami miji ta rasa uwa. Haƙurinta ne ya ba ta duka biyun.