Ƙwallon Tudun Kuka Ta Ɓace a Old Trafford

Likita Rabe ya gama jawabinsa, ya kama gefen farin ƙyallen da aka lulluɓe akwatin gilashin da shi, ya yaye. Akwatin fayau. Babu komai a ciki sai zoben katakon da ƙwallon take zama a kai.

Tafin da aka fara ya mutu a hannu. Tsofaffin ɗaliban Kwalejin Malamai ta Tudun Kuka ne suka cika zauren unguwa da ke Old Trafford, a Manchester, ranar Asabar ɗin nan, da matansu da 'ya'yansu, wasu daga Leeds, wasu daga Birmingham. Sun taru ne su zaɓi gwanin gwanayen da suka taɓa buga wa kwalejin wasa, su danƙa masa ƙwallon da aka ci kofin kwalejoji da ita a Jos a 1983, kofi ɗaya tilo da makarantar ta taɓa gani. An kaɗa ƙuri'a, Alfred Kambai ya lashe, kamar yadda kowa ya sani tun daga gida. Mai tsaron raga, Gamaliel Ɗantani, shi ya bi masa. Shi Gamaliel ɗin kuwa shi ne caretaker, wato mai kula da zauren, kuma mabuɗin ofishin da akwatin ya yini a ciki yana aljihunsa.

Ba wanda ya ce ɓarawo. Kallonsa kawai aka yi, kuma da an faɗa da baki ma da ya fi sauƙi. Ai duk Manchester ta san Gamaliel ba ya iya jin sunan Alfred bai tsuke fuska ba. A wurin suna, a wurin biki, har a ƙofar coci, da an fara yabon Alfred sai ya ja tsaki ya ce mutumin nan bai taɓa cin ƙwallo a wasan ƙarshe ba. Mutane su yi dariya su ce hassada ga mai rabo taki ce.

An kira 'yan sanda. Suka ba da lambar ƙara ta waya, suka ce ba su da mutanen da za su turo saboda tsohuwar ƙwallo, su da aka rage musu ma'aikata. Likita Rabe, shugaban ƙungiyar, ya ce to, kwamiti zai zauna Asabar mai zuwa. Idan ƙwallo ba ta dawo ba, za su kai maganar gaban council, hukumar garin da ke da zauren. A shekarar nan ta 2013 kuwa council neman dalili take ta rufe zaure ko ta sallami mutum, balle a kai mata dalilin har gida.

Rhoda, matar Gamaliel, ta nufi kicin. Ma'aikaciyar gashin ƙashi ce a asibiti, aikinta kallon yadda mutane ke taka ƙafa. Ta tattara tukwanenta, ta lura babbar kularta shuɗiya ta shinkafa ba ta nan, ta ɗauka wata ce ta haɗa da nata kayan. Sai da suka koma flat ɗinsu a Rusholme, ta ajiye masa shayi, sannan ta zauna a gabansa.

"Baban Raki, kai ka ɗauka?"

"A'a."

"Wa ka ba mabuɗi?"

"Mutane sun yi ta shiga da fita."

"Na ce wa ka ba."

Ya ɗauki shayin ya kurɓa. Wannan shirun shi ya tsaya mata a rai. Mijinta mutum ne da ko bas ta makara sai ya yi wa direba wa'azi, yau ga aikinsa da sunansa a bakin rami amma ya kama bakinsa. Mutum ba ya irin wannan shiru sai yana rufa wa wani asiri. Kuma ta san da shi ne ya ɗauka da bai iya ɓoye farin cikinsa ba.

Ta fara da Likita Rabe, domin shi ma tana da labarinsa. Ƙwallon a falonsa take tun da matar marigayi malamin wasanni ta ba shi ita, yana goge ta da mai kamar takalmin salla. Ta same shi a bakin asibitinsa lokacin hutun rana. Bai ɓoye mata ba, ya ce rabuwa da ƙwallon nan ta yi masa ciwo, shi da ko benci bai taɓa zama ba, ga shi zai miƙa ta ga wanda mata ke yi wa guɗa tun suna samari. Amma da ba ya son bayarwa, ai cewa zai yi ta ɓata a ƙaura, wa zai tuhume shi? Ban da haka, tun da aka rufe akwatin shi yana zaune a babban tebur, mutane suna kallonsa.

"Likita, a jawabinka ka ce da ƙafar hagu Alfred ya ci ƙwallayen nan biyu."

"Haka ne. Ta biyun ma daga kwana ya murɗo ta."

"Ka gani da idonka?"

"Ina fa. Aji ɗaya nake lokacin. 'Yan wasa kaɗai aka kwasa a mota zuwa Jos. Amma har mutanen Jos haka suke faɗa."

Ta yi masa godiya ta tafi. A cikin bas ta yi ta juya maganar. Duk bazara tsofaffin nan suna fita filin Platt Fields su yi ta haki a bayan ƙwallo, ita tana gefe da bandeji. Ta sha ganin Alfred. Ko ƙwallo ta zo masa a hagu sai ya juya jiki duka ya mai da ita dama, hagunsa ta tsayuwa ce kawai. Tsufa yana rage gudu, amma ba ya sauya wa mutum ƙafa.

Ta buga wa Catherine, matar Alfred, ta tambayi kularta. Catherine ta ce babu kular da ta shigo gidansu. Ta ƙara da cewa Eli ne ya yi ta kwashe kulolin da aka gama da su daga ofis kafin a fara jawabi, don a sami wuri, ko ta tambaye shi. Eli ƙanin Alfred ne, shi ya tuƙo su daga Birmingham a motarsa ta aiki. Ba ɗan kwalejin ba ne, shi ya sa ko kujera ba a ajiye masa ba, a tsaye ya ci abinci a bakin kicin. Ita kanta Rhoda sai a lokacin ta tuna yana wurin.

Ranar hutunta ta hau doguwar bas zuwa Birmingham. Ta fara biyawa ta gidan Alfred a Handsworth. Ya karɓe ta da fara'a, ya ce shi bai zargi kowa ba, ƙwallo ai fata ce da iska, a bar maganar. Mutumin da aka sace wa kyautar rayuwarsa, ga shi yana roƙon a bar magana. Ta tambaye shi yaya ya ji lokacin da ta biyun ta shiga raga. Ya ce an daɗe, ya manta. Da ta ce za ta leƙa wurin Eli, sai ya tashi tsaye ya ce me za ta yi a can, wurin duk baƙin mai ne. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Shagon tayoyin Eli yana ƙarƙashin wata gada a Aston. Ta tsaya daga nesa tana kallonsa. Kamarsu ɗaya da yayansa, har goshin, sai dai shi ya fi bushewa. Wata taya ta kuɓuce daga jingina ta gangaro za ta fita titi. Bai ko waiwaya sosai ba, ya miƙa ƙafar hagu ya tare ta, ya ɗan shafe ta da gefen takalmi, ta koma inda ta fito.

"Sannu da aiki, Eli."

"A'a, Maman Raki. Lafiya?"

"Kulata na zo karɓa."

"Au, tana mota. Zan wanke in aiko miki."

"Ba sai ka wanke ba. Buɗe mini ita a nan."

Ya tsaya riƙe da sifana. Ta ce masa Asabar za a kai sunan mijinta council a matsayin ɓarawo, kuma mijin ya san wanda ya ba mabuɗi amma ya ƙi faɗa. Sannan ta yi tambayar da ta kawo ta.

"Wa ya sa riga mai lamba tara a Jos?"

Eli ya zauna a kan taya. Ya ajiye sifanar a ƙasa.

Daga nan magana ta ɓalle. Alfred ya gurɗe a wasan kusa da na ƙarshe, ƙafa ta kumbura. Malamin wasanni ya san akwai ƙaninsa da ke koyon faci a bakin ƙofar makaranta, wanda yake wasa ba takalmi a filin kasuwa. Sojan haya ba baƙon abu ba ne a wasan makarantu a lokacin, amma in aka kama ku kofi ya tafi. Aka sa masa rigar yayansa, aka kira shi Alfred, aka rantsar da 'yan wasan, Kirista da Baibul, Musulmi da Alƙur'ani. Ya ci biyu. Da aka dawo Tudun Kuka, a bakin gari aka sauke shi, motar ta wuce da Alfred da kofi, ɗalibai suna waƙa da sunansa.

Ya ce ya haƙura da wannan tuntuni, ko dai yana zaton ya haƙura. Sunan nan ne ya samo wa Alfred gurbin karatu, da aiki, da Catherine. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Amma ranar Asabar da ya shiga ofis ɗaukar kula, ya ɗaga ƙyallen don ya ga ƙwallon kawai, sai ya ga facin da ke gefenta.

"Ni na yi facin nan da hannuna, ana gobe wasa. Sai na ji ba zan iya tsayawa a bakin kicin ina tafi ana miƙa masa ita ba. Wallahi kishi ne, Maman Raki, ba zan yi miki ƙarya ba. Ina ƙaunar yayana, kuma tun ranar nan ban taɓa jin an yabe shi ba tare da na ji haushi ba."

Ta ce ta ji, kuma ta tausaya masa, amma tausayi ba zai riƙe wa mijinta aiki ba. Ko ya kawo ƙwallon da ƙafarsa, ko ita ta kawo ta da labarin duka.

Ranar Asabar kwamiti ya zauna a ƙaramin ɗakin zauren. Rhoda ta roƙi izini ta yi bayani. Ta ce ƙwallo ba ta shiga aljihu, dole a cikin wani abu ta fita, kuma abin da ya fita daga ofis kafin jawabi kuloli ne. Ta ce mijinta bai yi shiru don kansa ba. Ta ce Alfred, wanda ya kamata ya fi kowa ɗaga murya, shi ne mai son a rufe magana. Sai ta zo kan ƙafa: an ci kofin da hagu, shi kuwa Alfred ba shi da hagu. Ta juya ƙofa. Eli ya shigo da kula a hannu, ya buɗe, ya ɗora ƙwallon a tebur.

Kafin kowa ya yi magana Alfred ya miƙe. Ya ce duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi a benci ya kalli wasan da hula a fuska.

"Kuna cewa Gamaliel ne mai hassada. Ni fa? Shekara talatin kuna yabona da ƙafar ƙanina. Duk wanda ya ce mini gwani, na san ba da ni yake ba. Na yi kishin yaron nan har na ƙi zuwa kallonsa a filin kasuwa."

Ya ɗauki ƙwallon ya sa a hannun Eli. Wani ya fara tafi, saura suka bi. Likita Rabe ya ce maganar council ta mutu, ya zagayo ya kama hannun Gamaliel da hannu biyu ya nemi gafara. Wani dattijo daga Leeds ya tambaya a hankali, to yanzu kofin namu fa, halal ne? Mutane suka fara tattara kayansu.

Gamaliel ya kulle zauren da kansa, suka hau bas. Suka sauka a Wilmslow Road, yana tafe kai a sunkuye. Ta zaci kunya ce, ko kuwa godiya. Suna wuce shagunan gashin nama ya tsaya cak.

"Kin wanke ni, na gode. Amma kofin nan shi kaɗai na taɓa ci a duniya, yanzu ko jikokina ba zan iya ba labarinsa ba."

Ta ce ai sunansa ya fi kofi. Ya ce ya sani. Suka ci gaba da tafiya, sai ta ji ya ja tsakin nan nasa da ta sani.

"Kin ga yadda suka tafa wa Eli? Ni na tare fenariti a wasan nan, saura kaɗan a tashi. Da ta shiga, da ƙwallayensa biyu sun tashi a banza. Yau an tone komai, komai, amma ko mutum ɗaya bai tuna da wannan ba."

Rhoda ta kama hannunsa ta ce ita ta tuna.

"Ke ba ki je Jos ba," in ji shi, amma bai zare hannun ba.