Ranar da Inna Nafi Ta Kai Zulfa Bakin Tafki

Nazifa na zaune a tsakar gida da kofin kunu, tana ba Zulfa da ƙaramin cokali. Ɗaya ya shiga, biyu su dawo ta gefen baki. Shekarar yarinyar huɗu, amma wuyanta bai tsaya ba, ba ta zama, ba ta magana, hannuwanta kullum a dunƙule. Ɗiyar yayar Nazifa ce da ta rasu a Guci. Dangi suka yi ta tura ta gida-gida, sai Nazifa, amaryar wata biyar, ta goya ta ta kawo ta gidan aurenta a Bande riƙo.

Mijinta Abdulmajid ko uffan bai ce ba. To ina zai ce? Mutumin da in Nazifa ta yi tari a ɗaka, daga gona yake ce mata sannu. Ni nan a zamanina ƴan mata har dambe suka yi a kaina, amma so irin wannan ban taɓa gani ba.

Uwarsa, Inna Nafi, ita ce ta ƙi.

— Kai, wannan ba mutum ba ce, ƴar ruwa ce, musanya ta aka yi. Matarka ga ƙaramin ciki, kullum tana goye da ita. So kake ta haifo mana irinta?

— Inna, likita a Magariya ya ce wahalar haihuwa ce ta taɓa mata kai.

— Likitan ya girme ni? Kafin a yanke gero, ko yarinyar ta bar gidan nan, ko su bar shi su biyu.

Nazifa ta shige ɗaki tana hawaye, mijin ya bi ta.

— Sheri, masoyina, in abin ya kai ga haka ka sawwaƙe mini. Ba zan sa ka saɓa wa Inna ba, kuma ba zan yar da amanar Yaya ba.

— To ki shirya zane biyu, don ni ma goya ni za ki yi.

Ta yi dariya cikin kuka. Suka ci gaba da haƙuri. Kullum da safe ta murza wa Zulfa gaɓoɓi yadda likita ya nuna, sannan ta durƙusa ta gaida Inna da kwanon fura. Inna ta shanye furar tas, ta kau da kai.

Rannan Abdulmajid ya ɗauki Nazifa a moto, wato babur, zuwa awon ciki, suka bar Zulfa tana barci a gidan maƙwabciya. Inna ta je ta ce an aiko ta ɗaukar yarinya. Ta naɗe ta a tsohon zane ta nufi tafkin bayan gari. Mutanen da, in suna zargin yaro ɗan ruwa ne, nan suke ajiye shi su ɓuya. Wai in ya ga ba kowa, sai ya rikiɗe maciji ya sulale cikin ruwa.

Inna ta shimfiɗe ta a kan yashi, ta laɓe bayan gawo tana leƙe. Shiru, shiru, ba maciji ba dalilinsa. Zulfa ta farka, ta juya idanu tana neman fuskar da ta sani, ta fara kuka.

Can sai ƙasa ta ɗauki girgiza. Garken shanu ne ya gangaro shan ruwa, da ƙishirwa, makiyayin na can baya nesa, ga yarinya kwance a kan hanyarsu.

Tsohuwar nan, wadda sai an kama ta take tashi daga tabarma, ta zabura da gudun da ko ni ina saurayi sai dai mu yi kunnen doki. Ta faɗa kan Zulfa ta rufe ta da jikinta, tana salati. Shanun suka rabu biyu, suna wucewa dama da hagu, ko kofato ɗaya bai taɓa su ba.

Da suka wuce, Inna ta ji wani abu a kumatunta. Hannun Zulfa ne. Hannun da ba a taɓa ganin ya buɗe ba, ga shi yatsa biyar a miƙe, da ɗumi, yana shafa hawayen tsohuwa. Inna ta rungume ta.

— Allahu akbar. Ashe ke mutum ce.

Abdulmajid da Nazifa sun dawo ba su ga yarinya ba, sun biyo sawu hankali a tashe. Suka ci karo da Inna a hanya, kanta ba kallabi, Zulfa a bayanta.

— Inna, kawo ta, in ji Nazifa.

— In kawo wa? Mai ciki da goyo? Jikata ce. Ɗiyata, ki yafe mini, yar da ita na je yi. Allah ne ya hana ni.

Nazifa ta durƙusa a kan yashi tana kuka, Inna ta ɗago ta da hannunta.

Yau shekara uku ke nan. Zulfa ba ta tafiya har yanzu, amma tana zama da kanta, kuma a ɗakin Inna take kwana. Nazifa ta haifi namiji lafiyayye, aurensu na nan daram. Ku yara ku riƙe wannan: yaron da Allah ya halitta da rauni ɗan Adam ne kamar kowa, kuma wanda ya yi haƙuri ya riƙe shi, Allah ba zai bari gidansa ya watse ba.