Faifan da Aka Ce a Goge

Insfekta bai gama zama a kujerarsa ba aka shigo masa da ƙarar sata daga kwalejin koyon aikin jarida da fim. Ya ɗauka kyamara ce ko kwamfuta. Da aka ce masa wai faifan ajiyar bayanan kwamfuta ne, ɗan abin da bai wuce tafin hannu ba, sai ya dubi Sajan, ita ma ta dube shi.

"Yallaɓai, ɗan hakin da ka raina," in ji ta, tana miƙa masa hularsa.

Malamar ajin ce ta tare su a ƙofar ɗakin tace bidiyo. Ɗaki ne marar taga, sanyin na'ura har cikin ƙashi, wayoyi sun cukurkuɗe a ƙasa kamar saƙar da aka fasa. Ta yi bayani a gurguje. Ɗalibanta sun yi aikin ƙarshen shekara: bidiyon waƙar hip-hop, da bangon faifan waƙar, da fostar talla. Gobe mai ba da maki zai zo. Komai yana cikin faifan nan, kuma idan bai fito ba sai su maimaita shekara.

Insfekta ya zagaya ɗakin hannuwansa a baya. Ga kyamara mai tsada a kan tebur, babu wanda ya taɓa ta. Ga ƙunshin sababbin fostoci kusa da ita, ko igiyar ba a kwance ba. Ɓarawon da zai tsallake wannan ya ɗauki wancan, ba yunwa ce ta kawo shi ba.

A bango akwai wata babbar takarda da aka buga samfuran bangon faifan a jere. An yanke ɗaya daga tsakiya. Ya matsa kusa, ya bi gefen yankan da yatsa. Miƙaƙƙe ne sambal, babu gezar takarda ko kaɗan, kuma ya bi wasu 'yan ƙananan layuka da ke kowace kusurwa.

"Me ke nan wurin?"

"Bangon farko," in ji Malama. "Da hoton mawaƙinsu na farko, wanda suke kira Tartsatsi. Ana tsakiyar aiki ya bar makaranta, ya bar ƙasar ma gaba ɗaya. Daga can ya aiko cewa a goge duk abin da ke da fuskarsa. Dokarmu kuwa, mai fuska shi ke da magana. Sai suka sake ɗauka da wani yaro. Na sa a goge tsohon, kuma gobe da an miƙa aiki ni da kaina zan wanke faifan tas."

"Wa ke riƙe da mabuɗi?"

"Shugaban rukunin. Darakta suke ce masa."

Darakta ya shigo da baƙin tabarau a ɗakin da ko rana ba ta san da shi ba. Sajan ta ce ya cire, ya cire yana ƙunƙuni.

"Jiya da rana ka bar ɗakin nan?"

"Ko nan da ƙofa, Yallaɓai. Darakta ba ya barin aikinsa."

"Wa ya kawo fostocin can?"

"Baba mai maɗaba'a. Shi ke buga wa kwaleji komai."

"Me ya ce maka da ya kawo?"

Darakta ya dubi silin kamar amsar tana maƙale a can.

Sajan ta ce, "Mai gadi dai ya ce ya ga wani mai baƙin tabarau a gindin bishiya, yana yi wa wata 'yar ajin farko alkawarin zai sa ta a fim."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Darakta ya amsa cewa ya fita, kuma bai kulle ƙofa ba, don ya zaci abokiyar aikinsa tana ciki. Da ya dawo ya tarar da fostoci a kan tebur, bai lura faifan ya yi ƙafa ba sai da safe.

Abokiyar aikin ita ce mai tace bidiyon, siririyar yarinya da suke kira Almakashi, saboda ba ta tausayin yanke duk abin da bai yi mata ba. Idanunta sun kumbura.

"Kin goge tsohon ɗaukan, kamar yadda Malama ta ce?"

"Na goge tun tuni."

"Da kika fita jiya, me kika bari a kan allon kwamfuta?"

"Sabon bidiyon."

Insfekta bai matsa mata ba. Ya daɗe da sanin cewa shiru ya fi tsawa tono. Ya zaro wata takarda, ya miƙa mata tare da reza, ya ce ta yanko masa murabba'i. Ta yanko wani abu mai kama da taswira.

Sajan ta ce, "Ashe sunan ne kawai."

Yarinyar ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma kuka. Ba ta goge ba. Kullum sai ta ce gobe. Tartsatsi ne ya fara koya mata yadda ake saita motsin baki da kiɗa, kuma tun da ya tafi ko gaisuwa bai aiko mata ba. Jiya ta buɗe tsohon ɗaukan don ta yi masa kallon ƙarshe, aka kira ta ofis, ta fita ta bar shi yana tafiya.

Insfekta ya nuna mata bango. "Waɗannan 'yan layukan na kusurwa, na mene ne?"

"Alamar yanka ce. Mu dai muna sa su ne saboda an ce a sa. Masu maɗaba'a ne ke bin su." Sai ta ɗago a hankali. "Yallaɓai, Baba mai maɗaba'a mahaifin Tartsatsi ne. Amma ba zai taɓa ba. Shi ya kore shi saboda waƙa. Har yau idan aka ambaci sunansa cewa yake ba shi da ɗa."

Maɗaba'ar tana wani lungu bayan kwalejin, tsakanin mai gyaran babur da mai ɗinki. Warin tawada ne ya fara yi musu maraba. Dattijon yana tsaye a gaban tebur, tabarau a kan karan hanci, yatsunsa sun rine har ƙarƙashin farce. Yana gyara gefen wasu katuna da 'yar wuƙar da ya zaro daga aljihun gaba.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, ranka ya daɗe. Buga wani abu za a yi?"

"Tambaya ce. Jiya ka kai fostoci kwaleji?"

"Na kai. A bakin ƙofa na ajiye na juyo. Ba na shiga inda ake kiɗan banza."

"A kan tebur aka same su."

"To wani ya shigar."

Yana magana hannunsa bai tsaya ba. Ko rula bai ɗora ba. Ya dubi alamar wannan kusurwa, ya dubi ta waccan, ya ja wuƙa sau ɗaya, takarda ta rabu sambal. Insfekta ya ɗauki katin ya bi gefensa da yatsa.

"Baba, hali zanen dutse. Da yaro ne ya sace hoton da aka yanke a kwaleji, yage shi zai yi ya ruga. Kai kuwa, ga ƙofa a buɗe, ga tsoron a kama ka, amma hannunka ya ƙi yarda ya yi karkataccen yanka."

"Ban san abin da kake faɗa ba. Ni ba ni da ɗa, balle in je satar hotonsa."

"Ban ce maka hoton ɗanka ne ba."

Wuƙar ta tsaya. A cikin shirun ne suka ji wani sauti daga bayan labulen ƙuryar shagon: tafi guda, sai muryar saurayi ta fara baiti, ta sarƙe, ta fashe da dariya. Aka ɗan jima, tafin ya sake dawowa.

Sajan ta ɗaga labulen. Wata tsohuwar kwamfuta ce a kan tarin takardu, faifan a jone da ita, hoton yana tafiya yana cijewa. A jikin bango, daidai inda idon mai zama zai sauka, an manna bangon faifan na farko: saurayi da hula a karkace, yana ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya tana neman tona masa asiri.

Dattijon ya zauna a kan ƙunshin takarda.

"Na shiga ne in ajiye kaya," in ji shi. "Sai na ji an yi tari. Ranka ya daɗe, tarin ɗanka ko a kasuwa ka ji za ka gane. Na juya, ga shi a kan allon kwamfuta yana neman a ba shi ruwa. Na tsaya har ƙafata ta yi sanyi. Dama na ji yaran suna cewa za a goge."

"Me ya hana ka roƙi Malama?"

"Da wane bakin? Bakin da ya cika gari da cewa ba ni da ɗa? Kuma shi yaron ne ya ce a goge. Don kada in gani ne, na sani." Ya share gilashin tabaransa da gefen riga. "Waƙar ba ta dame ni ba, har gobe ban san me yake faɗa ba. Tsakanin waƙar nake kallo. Inda yake kuskure, inda yake susar wuya kamar mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta. Akwai wurin da ya ce su yi sauri, Baba yana jiransa ya kama masa aiki a shago. Ranar na zage shi don ya makara."

"Ka kwafa?"

"Na gwada. Wannan tsohuwar ta ce ba ta da wuri. Sa'ata ce a tsufa."

Insfekta ya ji tausayinsa, tausayi mai nauyi wanda kaki ba ya hanawa. Shi ma akwai muryar da zai ba da komai don ya sake ji, kuma babu wanda ya ɗaukar masa ita a faifai. Ya kawar da kai, ya ce wa Sajan ta kira kwaleji.

Ba a jima ba Malama ta iso, Almakashi na biye da ita riƙe da kwamfutarta. Insfekta ya sa yarinyar ta kwashi sabon bidiyon da bangonsa da fostarsa a gaban idonsa. Shekararsu dai ta tsira. Dattijon bai iya haɗa ido da ita ba.

"Ki yafe mini, 'yata. Ban san jarrabawarku na ciki ba."

"Babu komai, Baba," ta ce.

Malama mace ce mai kirki. Ta ce kwaleji ba ta son a wulaƙanta dattijo. A ba ta faifanta, ta janye ƙara, magana ta mutu a nan.

Sajan ta sauke ajiyar zuciya, ta fara naɗe igiyar faifan. Amma dattijon ya ɗago.

"Idan kin karɓa, gobe za ki goge?"

"Dole ne, Baba. Ba ni na kafa dokar ba, kuma shi ya nema."

Ya juya ga Insfekta. "Idan kuma ba a janye ba fa?"

Insfekta ya gane inda ya dosa, kuma bai so ya amsa ba. Amma tambaya aka yi masa a kan aikinsa.

"Faifan ya zama kayan shaida. Za mu rufe shi a ambulan mu sa hatimi. Babu mai taɓa abin da ke ciki sai an gama shari'a."

"Shari'a tana daɗewa?"

Sajan ta ce, "Baba, wata ma sai mai ita ya manta abin da ya kawo shi."

"A kotun za a kunna?"

"Alƙali zai iya neman ya ga abin da aka sata," in ji Insfekta. "Amma ka yi tunani. Sunanka zai ɓaci. Kwaleji ba za ta ƙara ba ka aiki ba. Za ka iya kwana a bayan kanta."

"Kuma labari zai kai wa yaron can inda yake?"

Almakashi ta sa mayafi ta rufe bakinta.

Dattijon ya miƙe. Ya ajiye wuƙarsa a kan tebur, ya kashe fanka, ya leƙa ya ce wa mai ɗinki ya sa masa ido a kan shago. Sannan ya dubi Malama.

"Don Allah, Malama, kada ki janye. Ni na sata, da hannuna, kuma ina cikin hankalina."

Malama ta daɗe tana kallonsa. Daga ƙarshe ta mayar da hannun da ta miƙa don karɓar faifan cikin jakarta, ta ce ita sai ta tuntuɓi shugaban kwaleji tukuna, shi kuwa ba ya gari.

Insfekta ya sa faifan a ambulan, ya liƙe, ya sa hannu. Sajan ta taɓa ankwar da ke ƙugunta, ya girgiza mata kai. Suka fito lungun, dattijon a tsakiya, maƙwabta sun tsaya cirko-cirko suna kallo.

A bakin mota ya tsaya, ya dubi ambulan ɗin da ke hannun Insfekta.

"Ranka ya daɗe, ka riƙe shi ta ƙasa. Ba ya son jijjiga."

Insfekta ya gyara riƙo, ya buɗe masa ƙofa, dattijon ya shiga.