Ɗakin Girkin Ammi

Ana gab da kiran magariba Mushtak Pahalwan ya fito daga gida, rungume da wani akwatin katako da ya lulluɓe da tsohon mayafi. Ta ƙofar shagona ya wuce. Na yi masa sallama bai amsa ba. Ya bi hanyar da ta gangara bakin magudanar ruwan noma, bayan matoyar bulon nan da aka daina aiki da ita. Sai daga baya ya ba ni labarin, kansa a sunkuye.

Duk garinmu na Gujranwala an san Mushtak da kokawa, shi ya sa ake ce masa Pahalwan, wato ɗan kokawa. Abin da ba a sani ba shi ne, tun da ciwon gwiwa ya zaunar da shi, in ya kulle ɗaki sai ya ɗauko hantsaki da gam da 'yar wuƙa. Cikin akwatin nan ya gina ɗakin girkin mahaifiyarsa, Ammi, na ƙauye, wanda ambaliya ta share tun yana saurayi. Murhun laka bai fi kan babban yatsa ba. Tukwane ya buga su da murfin kwalba, gadon igiya ya saƙa shi da zaren ɗinki. Mutum ne kaɗai bai sassaƙa ba. In ya gaji ya mayar cikin kabad, ya sa makulli.

Ran nan ya manta da makullin. Abokan kokawarsa sun zo shan shayi, sai Sarwar, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya buɗe kabad ɗin yana neman ashana.

"Kai, kai, kai! Jama'a ku zo ku sha kallo! Pahalwan, 'yar tsana kake wa jere? Ina amaryar?"

"A sayo masa awarwaro!" in ji wani.

Aka yi ta dariya har da dukan cinya. Kunnuwan Mushtak suka ɗau zafi.

"Tarkace ne," ya ce. "'Yar maƙwabta ta bari. Dama yau zan zubar."

'Yarsa Nighat tana tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi. Ta dube shi. Ta ajiye tiren, ta fita.

Wannan kallon ne ya biyo shi har bakin ruwa. Hanya ba kowa. Kwaɗi sun fara kuka, ladanai na amsa wa juna daga nesa. Ya ce a ransa, tunda ya faɗa a gaban maza, dole ya cika.

Sai ya ji akwatin ya yi ɗumi a ƙirjinsa.

Ya tsaya. Ƙamshin hayaƙin itace. Ƙamshin man shanu a kan gurasa mai zafi. Ya duba gabas da yamma, babu gida, babu wuta.

Tas. Tas. Tas.

Tafin hannu ne yana buga ƙullin gurasa. Ƙaramin sauti, kamar ɗigar ruwa. Daga ƙarƙashin mayafin yake fitowa.

Ya durƙusa ya ajiye akwatin a ƙasa. Ya ɗaga gefen mayafin da yatsa biyu.

Garwashi na ci a murhun. Tabarmar da ya naɗe ya jingine an shimfiɗa ta. A bakin ƙofa ga takalma a jere, kowanne kamar ƙwayar shinkafa.

Bai taɓa yin takalmi ba.

"Maigida," aka ce da raɗa. "Ina za ka kai mu?"

Ya leƙa ciki, bai ga mai maganar ba.

"Mun ji abin da ka gaya wa baƙinka."

Kwaɗin suka yi tsit. Ƙarar ruwa ta ɗauke. Ya ƙifta ido, ya ga gwiwoyinsa a kan tabarmar cikin akwatin.

Bango ta dama, bango ta hagu. Warin gam ya cika masa hanci. Tukwanen sun kai girman na gaske, rubutun kamfanin lemo a gindinsu. A jikin bangon laka ga shatin babban yatsansa, faɗinsa ya kai faifai.

Wata mata na zaune gaban murhu, ta ba shi baya. Gyalen Ammi ne a kanta, shuɗin nan mai faci a gefe. Amma yatsun da ke juya gurasar sun yi tsawo. Gaɓoɓinsu sun yi yawa.

"Mun samu ɗaki ba kowa, muka shiga," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Kullum sai mun share. Ko sau ɗaya ba mu kira shi tarkace ba."

A ƙarƙashin gadon igiya wasu abubuwa suna motsi. Suna numfashi.

"Ɗakin wa ne?"

"Na... na Ammi ne."

"Ban ji ba, Pahalwan."

"Na mahaifiyata ne! Ni na yi shi, da hannuna!"

Hawaye suka zubo masa, ƙaton mutum. Ya ce mini a lokacin kunyar ta fi tsoron nauyi.

"To zauna ka ci. Wanda ya ci a nan, ɗan gida ne."

Hannun ya miƙo ta baya, ya yi ta miƙowa, gurasa na tururi a tafinsa. Ƙamshin na Ammi ne sak. Bakinsa ya cika da miyau.

Ya waiga. Inda babu bango na huɗu, mayafin yana saukowa a hankali, kamar ana rufe shago. Saura ɗan haske a ƙasa.

Wuyan matar ya fara juyowa.

Ya kama Ayatul Kursiyyu. Ta kakare. Ya sake kamawa.

Wani abu mai sanyi ya riƙe masa idon sawu.

Ya fizge yadda yake fizgewa a filin kokawa, ya faɗa ta ƙarƙashin mayafin da ka.

Ruwa.

Ruwan ya ja shi, ya shaƙe shi, ya buga shi da gaɓa. Wani makiyayi da ke koro ɓaunayensa gida ne ya miƙa masa sanda ya jawo shi. Da suka koma inda ya durƙusa, mayafin ne kawai a ƙasa, an ninke shi tsaf.

Ya yi kwanaki yana zazzaɓi. Ranar da ya miƙe, shagona ya zo, ya tarar da su Sarwar kan benci. A tsaye ya gaya musu cewa shi ya yi akwatin, kuma ɗakin uwarsa ne. Sarwar ya dubi fuskarsa, ya sunkuyar da kai.

Yanzu a tsakar gida yake aikinsa, kowa na gani. Ya yi wa mutane ɗakuna da dama, har da shagon nan nawa. Na Ammi ne ya gagara. Ya haɗa katako, ya shafe bango da laka, sai ya zauna da murhu a hantsaki, ya rasa inda zai sa. Ƙofar ma ya manta ta ina take. Duk waɗanda suka san ɗakin sun riga mu gidan gaskiya.

Ina wurin ranar da ya kira 'yarsa.

"Nighat, zo ki tuna mini. Murhun nan, dama yake ko hagu?"

Ta daɗe tana duban akwatin.

"Ban sani ba, Abbu," ta ce a hankali. "Ai ba ka taɓa nuna mini ba."