Pasha Bai Kai Saman Tudu Ba

Ranar da Selvi ta fara taka gidan karnukan Tayfun a bayan garin Sivas, ta same shi a tsugune yana taje gashin wani ƙaton kare. Ya ɗago ya gan ta, matajin ya suɓuce daga hannunsa. Ni maƙwabciyarsu Selvi ce a ƙauye, kuma da bakinta ta gaya min har karen sai da ya juyo ya dube shi.

"Kwikwiyo namiji nake nema," in ji ta. "Kyarkeci ya kashe mana babban karenmu a wurin kiwo. Karya ɗaya ta rage wa babana, Yildiz, ita kaɗai ke gadin tumaki. Ɗan wannan nake so."

Ta nuna ƙaton karen, Pasha, wanda kofunan gasarsa suka cika kantar ɗakin.

"Ba zan sayar miki ba."

"Don ka ga ni 'yar ƙauye ce?"

"A'a wallahi! Pasha karen gasa ne. Tun daga kakanninsa faɗin ƙirji da kyan tsayuwa ake zaɓa, ba wanda ya taɓa jin warin kyarkeci. Ɗansa zai shanye miki kunun sha'ir ya miƙe a inuwa. Ki je wurin tsoho Sefer a garin Kangal. Kada ki tambaye shi takardar asalin kare, ki ce ya nuna miki uwar tana aiki cikin garke."

Ta fice fuu, ko sallama babu. Amma ta je wurin Sefer ɗin, ta samo wani siririn kwikwiyo mara fasali, wanda tun ranar farko ya shige cikin 'yan raguna ya kwanta. A can ne kuma Bekir, ɗan Sefer, ya gan ta ya ƙyasa. Kun ji wautar Tayfun, da hannunsa ya tura ta gidan abokin takara!

Ba a jima ba saƙon Selvi ya shigo wayar Tayfun.

"Mai shamfu, yau kwikwiyon ya yi wa dila haushi har ta gudu. Na huce. Na gode."

"Sarauniyar tumaki, ni kuwa tun da kika fita ban ƙara taje Pasha daidai ba. Ya ce zai kawo ƙarata wurinki."

Daga nan fa waya ba ta ƙara hutawa ba. Selvi tana tatsar nono tana murmushi ita kaɗai, har uwarta Zekiye ta gano bakin zaren.

Babanta Dursun kuwa da ya ji, sai da ya dire kofin shayi.

"Namiji ya zauna yana busar da gashin kare da na'ura? Wannan ne zai riƙe min 'ya? Ga Bekir nan, ɗan makiyaya jikan makiyaya!"

Zekiye ta yi ta lallaɓa shi har kaka ta wuce. A shekarar ciyawa ta yi tsada, ga sanyi a bakin ƙofa, kuma Dursun ya ji yadda mutanen birni ke rububin 'ya'yan karnukan gasa. Sai ya aika aka kira Tayfun.

"Magana ɗaya ce, yaro. Ka kawo Pasha ya barbari Yildiz. In ta haifi manya, in sayar wa 'yan birni in ciyar da tumakina. Daga nan ka turo iyayenka."

A wurinmu, mai neman aure ba ya ce wa uban yarinya a'a, ko dutse aka ce ya ɗauko. Selvi na laɓe a bayan ƙofa, zuciyarta fari tas, tana ganin an gama.

"Kawu," in ji Tayfun, "ka nemi komai ban da wannan. Ciyawa zan taya ka nema. Yildiz jinin da kakanka ya tace ne, kuma ta manyanta, ƙila wannan ce haihuwarta ta ƙarshe. 'Ya'yan Pasha za su yi wa tudu nauyi. In ta mutu, wa zai gaje ta?"

"A cikin gidana kake ce min a'a? Tashi ka ba ni wuri!"

Kafin sati ya zagayo Bekir ya iso da kwalin alawar baklawa, yana cewa shi ko kare mai girman jaki ake so zai nemo. Selvi ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta rubuta:

"Ashe karenka ya fi ni. Tsoro kake kada jinin ƙauye ya ɓata sunan Pasha. Sai ka aure shi."

"Rabin raina, ba Pasha nake karewa ba, Yildiz nake karewa. Ki roƙi Baba ya zo gobe da safe ya gani da idonsa. In ya gani ya ce a'a, ba zan ƙara damun ku ba. Son ki ne dai ba zan iya dainawa ba."

Dursun ya je, yana ta mita, Selvi na biye da shi. Suka tarar da wasu baƙi daga Ankara sun zo ganin Pasha don su sayi 'ya'yansa. Tayfun bai ce su jira ba. Ya sa wa karen igiya, ya nuna tudun da ke bayan gidan.

"Kawu, mu hau."

Pasha ya fara tafiya da taƙama, baƙi na ɗaukar hoto. Ba a kai rabi ba ya soma haki, ƙafafun baya na karkarwa. Can sai ya zauna daɓas, ya zaro harshe. Dursun kuwa, da sandarsa da ciwon gwiwarsa, sai ga shi a saman tudu yana waige. Baƙin suka dubi juna, suka sauka suka shiga motarsu.

Tayfun ya durƙusa yana ba karen ruwa a tafin hannu, yana shafa kansa.

"Sannu, Pasha. Ba laifinka ba ne, mu muka zaɓa maka wannan jikin."

Dursun ya sauko a hankali, ya tsaya a kansu.

"Mutanen can da suka tafi, masu saye ne?"

"E, Kawu."

"Ka san za su gani?"

"Na sani."

Tsohon ya gyara riƙon sandarsa.

"Ranar Alhamis ka zo da iyayenka. Karen kuwa ka bar shi a gida, kada ya mace min a hanya."

Ranar Alhamis ina cikin kicin ɗin lokacin da Selvi ke dafa gahawar neman aure. Al'ada ce a sa wa ango gishiri a tasa, amma ita cokali ta cika har ya yi tozo.

"Ke, za ki kashe ɗan mutane!" in ji uwarta.

"Inna, ya sa ni kuka. Bari ya sha."

Ya kuwa shanye tas, hawaye na zuba, yana cewa bai taɓa shan mai daɗinta ba. Ɗaki ya kaure da dariya.

Mahaifin Tayfun ya gyara zama, ya nemi auren da umarnin Allah da sunnar Manzonsa. Dursun ya dubi 'yarsa, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Na ba shi," in ji shi. "Yaron nan ƙarya ɗaya zai yi min ya samu mata, ya ƙi. Na san ba zai yi wa Selvi ba."

Selvi ta sumbaci hannun babanta ta kai goshinta, tana kuka tana dariya. Da bazara aka sha biki, ƙauye ya kwana biyu yana amsa ganga da algaita. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya albarkace su da zuriya ta gari, Ya sa su tsufa tare. Amin.