Ramuka Uku a Falalen Baba Ishiyaku

Ana dab da faɗuwar rana Malam Andrawus Kwaji ya gama ɗaure akwatunansa a bayan a-kori-kura, ya ce wa matarsa Salome ta ɗauko agogo da fulas ɗin shayi. Shekarar da tauraro mai wutsiya ya fito ke nan, Mubi tana jihar Gongola, zafin Afrilu ya sa ko ƙadangare ba ya son motsi. 'Yarsu Ƙauna a gidanmu suka bar ta, don katanga ɗaya ce tsakaninmu a Yelwa. Rabin labarin nan daga bakin Salome na ji shi. Rabin kuma shi ya ba ni da kansa, bayan shekaru.

Andrawus malamin kimiyya ne. Lokacin da abokan karatunsa suke dawowa daga Ingila da mota da firji, shi madubin hangen taurari ya dawo da shi. Fari ne, kaurinsa kamar turmi, 'yan unguwa suka sa masa suna igwa. Shi kuwa cewa yake ba madubin ne abin alfahari ba, mazauninsa ne: wani kan ƙarfe mai nauyi a bisa ƙafafu uku, da dunƙulen ƙarfe a gefe don daidaita nauyi, da ɗan inji a ciki mai aiki da batirin mota. Injin nan yana juya madubin sannu a hankali, daidai da tafiyar sama, sai tauraro ya tsaya cak a wuri ɗaya har kyamara ta sha haskensa na rabin awa.

Sharaɗin ɗaya ne. Sai an saita gindin mazaunin ya dubi tauraron arewa daidai wa daida. A Mubi kuwa tauraron nan ƙasa-ƙasa yake, duwatsu da rufin kwano suna tare shi. Andrawus ya yi ta yawo har ya sami wani falalen dutse a gonakin ƙauyen Gude, arewa a buɗe, kudu a buɗe. Maraice uku ya yi yana saiti. Da ya samu, don kada wahalarsa ta tashi a banza, ya ɗauko guduma da ƙusar kankare ya huda ɗan rami a inda kowace ƙafa ta tsaya. Gobe sai dai ya zura ƙafafun kawai.

A maraice na huɗu suka tarar da mai gonar, wani tsoho da ake kira Baba Ishiyaku, zaune a ƙasa kusa da falalen. Bai hau kai ba.

"Baba, sannu da hutawa," in ji Andrawus.

Tsohon bai amsa gaisuwar ba. "Tica, kai ne ya huda?"

"Ramuka ne ƙanana, Baba. Ko ɗan yatsa ba zai shige ba."

"Tun kakana ƙarfe ba ya hawa wannan dutse. Fartanya a ƙasa muna ajiye. Mata suna cire awarwaro. Kan dawa na fari, nan muna kawo. Kai ka zo da guduma."

"Dutse ne fa, Baba."

"A wurinka dutse. A wurin masu shi, rufin ɗaki." Ya tofar da yawu gefe. "Ka huda masu rufi, ka tsaya a kai kana leƙe da ido ɗaya kamar ɓarawo. Wannan ido, shi za su karɓa."

Salome ta kama hannun rigar mijinta. "Baban Ƙauna, mu koma gida."

"Yau babu wata, sama tas. Tauraron nan mai wutsiya in ya wuce sai bayan shekara saba'in da shida. Ke za ki kawo mini shayi ranar?"

Tsohon ya miƙe yana kaɗe wandonsa. "Madam, in kana da hankali kar ka hau. Mijinka boko ya cinye kai." Ya yi taku kaɗan ya juyo. "In ya yi ihu, ba wanda zai fito a Gude. Na gaya masu."

Ya tafi ba sallama.

Andrawus ya kwashi kayansa shi kaɗai ya hau. Ƙafafun nan uku masu tsinin ƙarfe suka shige ramukansu, kowace da ɗan ƙara, kamar an rufe kwaɗo. Ya ɗora mazaunin, ya ɗora madubin, ya maƙala kyamara, ya haɗa wayar batiri. Salome ta zauna a mota, taku talatin daga nan, ƙofa a buɗe, agogo a cinya, da tocila da aka ɗaure wa jan ƙyalle. Aikinta ta kira masa minti biyar-biyar har talatin.

"Ko maciji ya sare ni, kada ki kunna fitilar mota," ya ce. "Farin haske ɗaya ya kashe hoton."

Duhu ya sauka. Tauraro mai wutsiya ya fito ta kudu, dishi-dishi, kamar an hura gari a baƙin zane.

Ga yadda aikin yake. A bayan babban madubin akwai ƙarami, a cikinsa zare biyu siriri sun gitta juna. Mai ɗaukar hoto zai manna ido a nan, ya riƙe tauraro ɗaya a mahaɗar zaren, in ya kauce ya danna maɓalli ya dawo da shi. Ba ɗaga kai. Ba gyara tsayuwa. Rabin awa cur.

Ya manna idon dama. Ya buɗe kyamara.

Injin yana ƙis, ƙis, ƙis. Gyare na kuka a cikin karan dawa. Dutsen yana mayar da zafin rana ta tafin takalminsa. Can wajen rafi wani kare ya yi haushi sau biyu ya bari.

"Biyar," Salome ta kira daga mota.

Sai tauraron da ya riƙe ya yi tsalle daga kan zaren.

Ya dawo da shi. Ya sake tsalle. Ya sake. Tsalle, tsayawa, tsalle, tsayawa, irin rawar da madubi yake yi in mutum yana tafiya kusa da shi. Amma don haka ya zaɓi dutse. Ko shanu suka bi ta kan falalen nan, ba zai motsa ba.

Takun ba a saman dutsen yake ba.

Gyare ya yi shiru.

Wani wari ya taso, irin na tsohon rumbu da aka buɗe bayan shekaru, ruɓaɓɓiyar dawa da toka da danshi. Sanyi ya biyo shi. Ta ƙafafun ƙarfen yake hawowa, ya bi mazaunin, ya bi madubin, har bakin da ya manna ido ya yi sanyi kamar ƙanƙara.

"Goma."

Muryar Salome ce. Amma kusa. A gefen dutsen.

"Na ce ki zauna a mota," ya faɗa ƙasa-ƙasa, bai ɗaga kai ba. A ransa ya yi mamakin saurin lokaci.

Ƙis, ƙis, ƙis.

"Sha biyar."

A bayan kunnensa. Ba numfashi a cikin maganar.

Sai daga can nesa, daga mota, muryar Salome ta gaske: "Goma! Baban Ƙauna, goma! Wa ke tsaye a bayanka?"

Ya so ya ɗago. Idon ya ƙi rabuwa da ƙarfen.

Ya sa hannu biyu ya tura. Kamar an kama ƙwayar idon daga ciki da yatsu biyu.

Ƙarar injin ta canja. Ƙis-ƙis ya koma gurnani. Madubin ya fara sauka daga sama, ba ta hanyar da aka gina shi ya bi ba. Taurari suka zube daga ganinsa. Duwatsu suka wuce, kai a ƙasa. Bakin madubin yana sunkuyawa, kan Andrawus yana bi, wuyansa yana ƙara.

Madubin ya tsaya yana duban dutsen.

Madubin da aka yi don nesa ba ya ganin abin da ke gabansa. Wannan ya gani.

Ɗaki ne mai faɗi a ƙarƙashinsa. Haske siriri uku yana zubowa daga rufi. A ƙarƙashin kowane haske an taru, fuskoki a ɗage, dogaye, farare kamar toka. Ba sa ƙiftawa.

Ɗaya ta matso. Ta cika madubin. Idonta ya zauna daidai mahaɗar zaren.

"Ashirin," ta ce da muryar matarsa. "Saura goma."

Ya yi ihu.

A Gude ko fitila ɗaya ba ta motsa ba.

Salome ta kunna fitilun mota duka biyu. Abin da ta gani, ta ce, mijinta ne a durƙushe, kai a maƙale, da inuwa takwas ko tara a kwance kewaye da shi, ba masu su. Inuwoyin ba su guje wa hasken ba. Juyowa suka yi.

Ta tuge awarwaronta ta yar. Ta cire ɗankunne, har kunnen ya tsage. Ta hau dutsen da gudu tana kiran sunan Yesu.

Ta ja shi ta ƙugu. Bai motsa ba.

"Ashirin da biyar," aka ce daga ƙarƙashin ƙafarta.

Ta dubi ƙafafun nan uku. Ta san maraice nawa ya ɓata a kansu. Ta san abin da ya bari a Ingila ya ɗauko wannan. Ta sa kafaɗa a ƙarƙashin ƙafa ɗaya ta miƙe da dukan ƙarfinta.

Tsinin ya fita daga ramin da ƙara kamar an zare haƙori.

Igwa ta karkata, ta tsaya kamar tana shawara, ta kife. Madubin ya tarwatse. Andrawus ya faɗi ta baya, tafin hannu a kan ido. Ta ja shi a ƙasa har mota. Ba ta taɓa tuƙi a kan titi ba sai ranar, kuma ba ta waiwaya ba har Yelwa.

Da hantsi Baba Ishiyaku ya zo gidan da kyamarar a cikin ƙwarya, a rufe da ganye. Bai shiga ba, bai zauna ba.

"Na cika rami da tuwon dawa da laka," ya ce wa Salome. "Biyu ya cika. Na ukun, ƙwarya ɗaya na zuba, bai cika ba. Wannan sun riƙe."

Andrawus ya kai fim ɗin aka wanke a kasuwa. Mai hoton ya miƙo masa a ambulan, ya ce kada ya sake kawo masa aiki. Babu tauraro a ciki. Tafin takalman mutum ne, da tsinin ƙarfe uku, da haɓarsa can sama. Daga ƙasa aka ɗauka.

Likitoci a Yola sun duba idon suka ce lafiyarsa ƙalau. Duk da haka tun daga ranar ya ɗaure shi da baƙin ƙyalle, a aji, a coci, har wajen barci. Mutane suka ɗauka makancewa ya yi, bai gyara musu ba.

Ranar auren Ƙauna muna zaune da shi a ƙofar gida, amarya ta fito cikin farin kaya. Na ce, "Malam, in dai idon yana gani, yau kam ka buɗe ka kalli 'yarka da biyu."

Ya danne ƙyallen da tafin hannu, ya jira har ta shige mota.

"Yana gani sarai," ya ce. "Sai dai in na buɗe, ba ni kaɗai nake kallo ba. Ba su san fuskarta ba har yau."