Ƙafar Kaza a Kafaɗar Sulke

Yaya, an gano mai laifin, kuma Baban Mimi bai rasa aikinsa ba!

Kin san ofishinsu wasan kwamfuta suke haɗawa, shi yake zana kayan yaƙin mutanen da. Ogansu yana da wani tsohon littafi, duk zanen sulke da kwalkwali ne da baƙin tawada. Baban Mimi ya aro shi ran Juma'a, ya mayar kabad Litinin da safe. Kafin azahar aka tarar an yanke shafi guda da reza, na sulken da ake gasar zanawa. Oga ya ce wanda ya kai littafi gida shi zai amsa, ya ba shi kwana biyu.

Ran Laraba na goya Mimi na kai wa Babanta abinci ofis, na tarar Oga yana ta tambaya.

Mai shara ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ko makullin kabad ban taɓa riƙewa ba."

Abokin aikinsa Mai Gilashi kuwa ran Litinin yana asibiti, ga katinsa.

Dogo, wanda shi ma yana cikin gasar, ya ce, "Rabona da littafin nan tun wancan makon. Nawa sulken daga kaina na fitar."

Ni ina gefe ina kallon zanen kowa da aka manna a bango. Sai Mimi ta miƙa hannu ta ce, "Nawa." Na matsa na duba. A kafaɗar sulken Dogo akwai layi uku masu lanƙwasa, kamar ƙafar kaza.

Yaya, ran Lahadi ina wanki Mimi ta samu biro ta yi wa shafin nan ado. Na rufe littafin ban gaya wa kowa ba. Yau ga ni gaban zanen Dogo ina tunani, in na yi magana na tona kaina.

Na ce, "Malam Dogo, wannan na kafaɗa mene ne?"

Ya yi murmushi. "Tambarin sarauta ne, Maman Mimi. Sai wanda ya yi karatu."

"To ga mai sarautar a bayana."

Na nuna wa Oga hoton bangon ɗakinmu a waya, ƙafar kaza har bakwai. Na ce ran Lahadi aka yi na littafin, wanda rabonsa da shi tun wancan makon a ina ya gani?

Oga ya ja aljihun teburin Dogo. Shafin na ƙarƙashin takardu. Wai Dogo so yake nasa zanen kaɗai ya fito daidai.

Na ba Oga haƙuri a kan biron. Ya daɗe yana kallon shafin, ya ce mutum ya zauna yana kwafa bai tambayi abin da yake kwafa ba. Tambarin kuma za a bar shi a wasan.

Ki gaya wa Umma jikarta ta fara aiki, ki kuma ce ta ɓoye bironta kafin mu zo.